An Ce Mahaifina Yana Wuta Har Abada, Yaya Zan Ci Gaba Da Cewa Allah Nagari Ne?

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni 'yar ƙasar Kaltungo ce, ina aure a garin Gombe, da 'ya'ya uku. Mahaifina ya rasu a farkon daminar nan yana da shekara fiye da 80. Har ya bar duniya addinin kakanninmu yake bi. Bai taɓa hana mamanmu ko mu 'ya'yansa zuwa sujada ba. Awakinsa ya sayar ya sa ni makaranta, marayun da suka ci daga rumbunsa kuwa ba su ƙirguwa. Duk lokacin da na yi masa maganar Yesu sai ya yi murmushi ya ce, "Na ji, 'yata, bar ni tukuna." Ranar jana'iza wani baƙon mai wa'azi ya tashi a gaban jama'a ya ce tsohon nan yanzu haka yana cikin wuta, can kuma zai zauna har abada, mu da muka rage mu ɗauki darasi. Tun daga ranar ban sake cin Jibin Ubangiji ba. In aka ɗauki waƙar ƙaunar Allah a zumuntar mata sai bakina ya yi nauyi. Ni da nake mai zunubi ba zan iya sa yatsan maƙiyina a wuta na minti ɗaya ba, to yaya Allah da muke cewa nagari ne zai ƙona babana ba iyaka? Ƙaramin ɗana yana ta tambayata inda kaka yake. Ina tsoro kada wannan tunani ya zama saɓo. Ka taimake ni.

'Yata, sannu da rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ke da mama da sauran 'yan'uwa. Wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai, zan kuma amsa miki ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin wanda ke cikin irin wannan zafi ba ya bukatar a lallashe shi da maganar da ba gaskiya ba.

Bari in fara da ranar jana'iza, tun da a nan aka ji miki ciwon. Mai wa'azin nan ya faɗi abin da ba a ba shi izinin faɗa ba. An aike mu mu yi shelar bishara, mu gargaɗi masu rai cewa akwai ranar shari'a. Ba a aike mu mu tsaya a bakin kabari mu karanta hukuncin wanda ke ciki ba. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa kada su yanke hukunci tun lokaci bai yi ba, su bari sai Ubangiji ya zo, shi ne zai tone abin da ke ɓoye cikin duhu ya bayyana nufin zukata (1 Korintiyawa 4:5). Ki duba yadda Yesu da kansa ya yi a gidajen makoki. Ya tarar da gwauruwar Nayin za ta binne ɗanta tilo, ya ji tausayinta, ya ce mata ta daina kuka. A kabarin Li'azaru shi ma kukan ya yi. Da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ƙin yarda ya yi a ce matattun nan sun fi kowa zunubi. Masu sauraronsa ya juya wa ya ce su tuba (Luka 13:1-5). Gargaɗinsa mafi zafi game da wuta kuwa, in kin bi Linjila a hankali, yawanci almajiransa ya yi wa, da shugabannin addini, da waɗanda suka ga mayunwaci suka kau da kai. Wato mu da ke cikin majami'a ne ya fi kamata cikinmu ya ɗuri ruwa.

Ki tuna kuma da ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu. Da a ce danginsa suna tsaye can nesa suna hange, da sun koma gida da tabbacin cewa ɗansu ya hallaka. Ya rayu ɓarawo, ya yi mutuwar ɓarawo, ba baftisma, ba shaida a gaban ikilisiya. Abin da ya shiga tsakaninsa da Ubangiji 'yar gajeriyar magana ce da hayaniyar taron za ta iya shanyewa, amma a ranar ya shiga Firdausi. Mutum fuska yake gani, Allah ke duban zuciya. Ko Cocin Katolika, da ke ayyana wasu da suna a matsayin tsarkaka, ba ta taɓa ayyana wani mutum da suna ta ce yana jahannama ba. To baƙon mai wa'azi, da bai zauna da baba a daren ƙarshensa ba, a ina ya ga littafin rai har ya karanto muku?

Amma kada ki ɗauka ina ce miki baba yana sama. Ban faɗa ba, domin in na faɗa na yi laifin mai wa'azin nan ta ɗaya gefen. "Bar ni tukuna" ba maganar mai ba'a ba ce, ba kuma shaidar bangaskiya ba ce. Littafi Mai Tsarki ya ce ceto ta wurin Yesu Almasihu ne kaɗai, kuma kyawawan ayyuka ba su sayen sa, ko na baba, ko naki, ko nawa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, shari'ar mahaifinki ba ta hannun wanda ya yi magana ranar nan. Tana hannun wani dabam, kuma kusan duk sauran amsata a kan wanene wannan alƙali take.

Game da tsoron da kike yi na saɓo, ki kwantar da hankalinki. Ibrahim ya tsaya a gaban Allah saboda Saduma, garin da muguntarsa ta kai sama, ya tambaye shi kai tsaye ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi abin da ke daidai ba (Farawa 18:25). Allah bai tsawata masa ba, sauraronsa ya yi, suka yi ta ciniki daga mutum 50 har zuwa 10. Bulus ya ce yana da baƙin ciki mai yawa da ciwon zuciya marar yankewa saboda danginsa da ba su karɓi Almasihu ba, har ya ce da ma shi a la'anta shi a madadinsu (Romawa 9:1-3). Yesu ya hangi Urushalima, birnin da zai ƙi shi, ya fashe da kuka. Hawayen da kike yi wa baba ba su raba ki da Allah ba. Wanda ya kamata ya binciki kansa shi ne mai iya maganar wuta da sakin fuska, kamar yana jin daɗin abin.

To, mu shiga tambayar kanta. Abu na farko, hukunci da nagarta ba kishiyoyi ba ne. Ke da ke zaune a Gombe ba sai an yi miki dogon bayani ba. A 2014 da 2015 an tayar da bama-bamai a tashoshin mota da babbar kasuwar garin nan, aka kashe Musulmi da Kirista, 'yan talla da 'yan dako da matafiya. Da yawa daga cikin masu kitsa irin wannan ta'asa a ƙasar nan ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. In Allah zai dubi wannan jini ya kau da kai ya ce ba komai, uwar da aka kashe wa ɗa ba za ta iya kiransa nagari ba, kuma da gaskiyarta. Shi ya sa a Zabura ta 96 da ta 98 ake kiran itatuwan jeji da koguna su yi murna, wai don Ubangiji yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Ga wanda aka zalunta, ranar shari'a albishir ce.

Na san abin da za ki ce: babana bai tayar da bam ba, marayu ya ciyar. Gaskiyarki. Wannan amsa ta nuna dalilin da ya sa dole a yi shari'a, amma ba ta taɓa wurin da ke miki ciwo ba, wato "har abada", da kuma a ce mutum irin baba ne a ciki. Masu bi sun daɗe suna kokawa da wannan, ba ke kika fara ba.

Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya amsa wa masu cewa bai dace zunubin 'yan shekaru ya jawo hukunci marar iyaka ba. Ya ce ko kotunan duniya ba su auna tsawon hukunci da tsawon lokacin da laifin ya ɗauka. Kisan kai na iya faruwa cikin ƙiftawar ido, amma ba wanda ke cewa a ɗaure mai kisan na ƙiftawar ido. Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1109, ya koyar cewa nauyin laifi yana bin girman wanda aka yi wa laifin, Allah kuwa girmansa ba iyaka. Akwai gaskiya a nan da ba zan zubar ba: muna raina zunubi ne domin mun raina Allah. Sai dai in aka tsaya a kan wannan hujja ita kaɗai, sai Allah ya fito kamar basaraken da ba abin da ya dame shi sai martabarsa, alhali Allahn da Yesu ya nuna mana uba ne da ya hango ɗansa ɓatacce daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. Ban ga wannan hujja ta isa ta ɗauki nauyin tambayarki ba.

Wadda ta fi gamsar da ni ita ce wannan. Ainihin azabar jahannama rabuwa ce da Allah, wanda shi ne tushen kowane abu mai kyau, kuma rabuwar daga wajen mutum take farawa. A Romawa sura ta 1, sau uku Bulus ya bayyana fushin Allah da cewa ya sallama mutane ga abin da zuciyarsu ke so. A 2 Tasalonikawa 1:9 an kwatanta hukuncin da rabuwa da fuskar Ubangiji. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya faɗi abin a sarari, cewa jahannama ware kai ne da mutum ke yi daga zumunci da Allah, kuma Allah bai ƙaddara wa kowa zuwa can ba. Hoton da ke hana ki barci, na mutumin da ke kuka yana roƙon gafara da zuciya ɗaya Allah kuma ya toshe kunne har abada, ba shi ne hoton da Littafi ya zana ba. Ki sake karanta labarin mai arziki da matalauci Li'azaru a Luka 16. Mutumin yana cikin azaba, amma bai ce "na yi zunubi" ba, bai nemi gafarar Li'azaru ba, bai nemi Allah ba. Har a can yana ganin Li'azaru ɗan aikensa ne: a aiko shi ya kawo mini ruwa, a aike shi gidanmu. Sauƙi yake nema, ba tuba ba. A Ru'ya ta Yohanna sura ta 16 ma an ce waɗanda annoba ta faɗa wa sun zagi Allah, ba su kuwa tuba ba. In haka ne, hukuncin yana ci gaba ne domin ƙin ma yana ci gaba.

Za ki iya tambaya, wane mai hankali ne zai zaɓi wannan? Amma ai mun sha gani a ƙauyukanmu. 'Yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, su yi gaba a kan iyakar gona. Dattawa su zauna, fasto ya je, ɗaya ya sauko ya miƙa hannu, ɗayan ya ce sai dai a lahira. Gabar tana cinsa, ta hana shi bikin 'ya'yan ɗan'uwansa, ta hana shi barci, ya san tana cinsa, amma kowace shekara sakin ta sai ƙara yi masa wuya yake, har ta zama ita ce shi. Ba wanda ya kulle shi, ƙofar sulhu a buɗe take. Zuciyar ɗan Adam tana iya yin haka da Allah. Shi kuma Allah, da ya halicce mu masu iya ƙauna, bai mai da mu gumakan da za a ɗauka a ajiye inda aka ga dama ba, domin ƙaunar da aka tilasta ba ƙauna ba ce. Wannan bai sa jahannama ta zama ƙaramin abu ba. Abin da ya nuna shi ne, ba wanda zai kasance a can yana da hujjar cewa ya nemi Allah da gaske aka kore shi. Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan (Yohanna 6:37).

Akwai kuma abin da ba a cika wa'azinsa ba, ga shi kuwa daga bakin Yesu ya fito: hukunci ba ɗaya ba ne ga kowa. A Luka 12:47-48 ya ce bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kuwa kaɗan zai sha, domin wanda aka ba da yawa a wurinsa za a nemi da yawa. Ya gaya wa garuruwan da suka ga mu'ujizansa cewa a ranar shari'a za a fi rangwanta wa Taya da Sidon, har ma da Saduma, a kansu (Matiyu 11:20-24). Bulus ya ce Allah zai saka wa kowa gwargwadon aikinsa, waɗanda ba su da Shari'ar Musa kuma lamirinsu ne zai ba da shaida, ko ya kā da su ko ya kāre su (Romawa 2). Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sai a 1917 'yan mishan na SIM suka zauna a Kaltungo, kafin nan kuwa zuriya bayan zuriya ta kakanninki sun rayu sun mutu ba su ji sunan Yesu ba. Allah bai manta da su ba, ba kuma zai tambaye su hasken da ba a ba su ba. Baba ya ji bishara, gaskiya ne. Amma abin da ya shiga kunnensa, da abin da ya isa zuciyarsa, da abin da tsoron iyayen gidansa ya ɗaure, da abin da halinmu mu Kirista ya tare masa, duk wannan Allah kaɗai ke iya aunawa, kuma zai auna shi daidai. Yesu, wanda ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi da aka ba wani ba zai faɗi a banza ba, bai rufe ido ga rumbun da aka buɗe wa marayu ba.

Maganar wuta ita kanta, Littafi ya kira wurin wuta, ya kuma kira shi baƙin duhu, ya ambaci tsutsar da ba ta mutuwa. Jon Kalbin, babban malamin Furotesta na ƙarni na 16, wanda ba mai sassauci ba ne a wannan koyarwa, ya rubuta cewa da abubuwan da jiki ya sani ake kwatanta mana abin da harshe ba zai iya faɗa ba. Abin da ake nufi yana da ban tsoro, ba na rage shi. Amma hotunan da ake bugawa a takardun bishara da fina-finai, na aljanu da mashi suna juya mutane a tukunya, ba daga Littafi suka fito ba, kuma ba su kamata su zauna miki a kai ba.

Ya kamata ki san cewa akwai masu bi na gaske da suka fahimci ƙarshen marasa ceto ta wata hanya. Wasu sun ce bayan hukunci mai adalci za su hallaka ne su shuɗe gaba ɗaya, suna kafa hujja da inda Yesu ya ce Allah yana da iko ya hallaka rai da jiki a jahannama (Matiyu 10:28), da inda aka ce hakkin zunubi mutuwa ne, da "mutuwa ta biyu" a Ru'ya ta Yohanna. John Stott, sanannen malamin Angilikan na Ingila, ya bayyana a 1988 cewa ya karkata ga wannan fahimta, cikin taka-tsantsan, a shekara ta 2000 kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta Birtaniya ta amince cewa ra'ayi ne na wasu tsiraru a cikinta. Wasu kuma, tun daga malaman ikilisiyar farko irin su Orijin na Iskandariya a ƙarni na 3 da Giregori na Nissa a ƙarni na 4, sun sa zuciya cewa a ƙarshe Allah zai komo da kowa gare shi. Ikilisiya ba ta karɓi wannan a matsayin koyarwarta ba, an kuma yi tir da ra'ayoyin Orijin a ƙarni na 6. A nan gida, Dokta Byang Kato na Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ikilisiyar ECWA, ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan koyarwar ceton kowa da kowa kafin rasuwarsa a 1975. Yawancin ikilisiyoyinmu, ECWA ne ko COCIN ko Baptist ko Katolika, suna koyar da madawwamin hukunci, ni ma a nan nake tsaye, domin a Matiyu 25:46 Yesu ya jera madawwamin hukunci da rai madawwami cikin magana ɗaya, ban kuwa ga yadda zan gajarta ɗaya in bar ɗayan ba. Ban kawo miki sauran ra'ayoyin don ki zaɓi wanda ya fi daɗi ba. Na kawo su ne don ki ga cewa manyan masu tsoron Allah sun ji nauyin da kike ji, kuma wanda ya yi wannan tambaya bai fita daga garke ba.

Inda nake so ki kafa ƙafarki shi ne nan. Kin fara daga jahannama kina ƙoƙarin gane halin Allah daga can, shi ya sa duk abin ya yi miki duhu. Ba a ba mu labarin jahannama dalla-dalla ba, amma an nuna mana halin Allah a fili, a kan gicciye. Ya rantse da kansa cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu (Ezekiyel 33:11). Yana so dukan mutane su sami ceto (1 Timoti 2:4), ba ya so kowa ya hallaka (2 Bitrus 3:9). Bai kuma tsaya ga faɗa da baki ba, ya shigo cikin hukuncin da kansa, ya ɗauke shi a jikinsa, har ya yi kukan wanda aka yashe. Yesu ya ce Uba ya danƙa dukan shari'a ga Ɗan (Yohanna 5:22). Ma'ana, wanda baba ya tsaya a gabansa shi ne wanda ya yi wa masu kafa masa ƙusa addu'ar gafara tun suna cikin yi. Kin ce ke mai zunubi ba za ki iya sa yatsan maƙiyinki a wuta ba. Wa ya sa miki wannan tausayi? Ba ke kika ƙirƙire shi ba, daga wurinsa kika samo, kuma ɗan kaɗan ne daga nasa. Ba zai yiwu ki fi Allah ƙaunar mahaifinki ba. Shi ya halicce shi, shi ya ba shi zuciyar da ta ji tausayin marayu, ya bi shi fiye da shekara 80, ya sa masa mata da 'ya'ya masu bi a cikin gida. Duk wata hanyar jinƙai da adalci ya bari a buɗe, ya fi ki saninta, ya kuma fi ki son bin ta. Ba a yi mana alkawarin gane komai yanzu ba, an dai yi mana alkawari cewa ranar da aka buɗe littattafai ba wanda zai ce an zalunce shi, kuma Allah da kansa zai share hawaye daga idanun mutanensa (Ru'ya ta Yohanna 21:4). Hawayen da ake yi wa iyaye suna cikin waɗanda za a share.

Ko da ba ki rubuta ba, ina jin akwai wata murya da ke ce miki da kin ƙara matsa masa da ya tuba. Kada ki saurare ta. Kin faɗa masa, ba sau ɗaya ba, kin kuma faɗa da ladabin da ya kamaci 'ya ga ubanta. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba a taɓa ɗora wa ɗan Adam shi ba.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi. Ki koma teburin Ubangiji. Ba don waɗanda suka warware dukan tambayoyinsu aka shirya shi ba, kuma nisantarsa ƙara miki kaɗaici zai yi. In waƙa ta ƙi fita a zumunta, ki zauna cikin 'yan'uwanki mata ki bar su su rera, ba laifi. A addu'a kuma kada ki yi wa Allah kara; ki buɗe Zabura ta 13 ko ta 88 ki karanta da ƙarfi, ki gaya masa abin da kika gaya mini, ki gode masa don alherin da ya yi miki ta hannun baba, sannan ki ce kin bar shi a hannunsa. Wataƙila sai kin yi ta maimaita wannan watanni kafin zuciya ta bi baki.

Ki sami fastonku, ke da maigidanki ko wata dattijuwa da kika amince da ita, ki gaya masa abin da aka faɗa a jana'izar da yadda ya yi miki. Ba ƙara za ki kai ba. Mama da ƙannenki ma sun ji wannan magana, wataƙila suna ɗauke da ita shiru, ya kamata makiyayi ya sani ya ziyarce su. Ya kamata kuma shugabanni su riƙa lura da wanda suke ba dama ya yi magana a gidan makoki.

Yaron kuma, kada ki ce masa kaka yana wuta, kada kuma ki yi masa alkawarin da ba a ba ki ba. Ki ce masa kaka ya rasu, yana hannun Allah, Allah kuwa ya san kaka sarai, yana da kirki, ba ya kuskure. Wannan gaskiya ce tsantsa, yaro kuma zai iya ɗaukarta. Ki riƙa ba shi labarin awakin da aka sayar da marayun da aka ciyar, ya san irin gidan da ya fito.

In akwai 'yan'uwan baba da suka rage a kan tsohuwar hanya, su ma suna wurin ranar nan, sun kuma ji an jefa ɗan'uwansu wuta a gaban jama'a da sunan Yesu. Da wuya wannan ya jawo su kusa. Ki je ki gaishe su, ki kai musu ɗan abin da ya sawwaƙa, ki zauna ki ji labarin ƙuruciyar baba daga bakinsu. In zancen ya zo, ki gaya musu cewa abin da baƙon nan ya faɗa ba shi da ikon faɗarsa, sannan ki ba su labarin Yesu yadda kika san shi.

In kuma rashin barci da rashin cin abinci suka ci gaba, ko kika ji rayuwa ta fita daga ranki, ki gaya wa maigidanki ku je ku ga likita, kada ki ce sai addu'a kaɗai. Ki sake rubuto mini bayan kin ga fastonku, ina so in ji yadda mama take.